Sunanta Rakiya

"Wallahi in kin riga ni, da sunanki zan sanar. Da manyan baƙi. Wanda ya ji haushi ya zo gareji ya same ni."

Kai ka faɗi haka, Bashir. A tsakar gidana ka faɗa, ina zaune, matarka Rakiya tana share hawaye.

Yau da safe labarin ya same ni. Rakiya ta rasu tun jiya. An yi mata wanka, an yi mata salla, an kai ta, ni ina nan unguwar Manshiya ina tsince shinkafa. Tsakanin gidana da naku ko mota ba a hawa.

Kuma na ga sanarwar. Jiya da azahar ta fito a shafinka: hoton farin fure, a ƙasansa da Larabci an rubuta cewa Allah ya yi wa matar Muhammad ɗan Alhaji Sanusi rasuwa, jana'iza bayan la'asar.

Ga waɗanda ba 'yan Sabha ba: Alhaji Sanusi yana da 'ya'ya maza huɗu, kuma kowannensu Muhammad ne. Muhammad Salihu, Muhammad Lamin, Muhammad Bashir, Muhammad Tahir. Matar babban ta daɗe a kwance, duk unguwa an sani. Na ce Allah ya jiƙanta, baiwar Allah ta huta. Na ɗauki waya na yi wa Rakiya saƙon murya, na ce: "Sannu da rashi, ƙanwata. Ranar uku ki jira ni mu shiga wajen tsofaffin nan tare, kin san ni da zaman makoki."

Gawa na yi wa ta'aziyya.

Da safe na fita sayen burodi, sai Saude ta tare ni, wata 'yar garin Tawa mai yin girki a gidajen biki da na mutuwa. Ta ce, "Abla, lafiya kuwa? Ba mu gan ki wajen wankan ƙawarki ba."

Na ce, "Wace ƙawa?"

Ta kai mayafi bakinta. A nan bakin titi ta gaya mini. Wai Rakiya tana shanya da hantsi ta ce kanta na juyawa, ta zauna a kan matakala, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Matar babban kuwa tana nan da ranta, daga kan gado take karɓar gaisuwa.

Ba ni kaɗai furen nan ya ruɗa ba. A wannan lokacin da nake rubutu, akwai mata a gonakin dabino na Ghuddwa da ba su san ta mutu ba. Akwai abokan karatunta a jami'a da suka wuce hoton nan da ɗan yatsa kamar yadda na wuce. Ba su san Alhaji Sanusi ba, ba su san Muhammad ko ɗaya ba. Rakiya suka sani. In sunan bai fito ba, za a naɗe tabarmin makoki ba su zo ba.

Bari in gaya muku ko wace ce.

Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a Damagaram kafin in biyo marigayi mijina nan. A gida nake koya wa yara Faransanci, shi ya sa kowa ke ce mini Abla, yadda ake kiran malamai mata a garin nan. Wata rana da yamma aka buga ƙofa. Na buɗe na ga wata doguwar yarinya rungume da littafi mai kaurin bulo. A Sabha aka haife ta, amma kakarta daga ƙasar Hausa ta taso za ta Makka, hanya ta ajiye ta a nan yankin Fezzan. Hausar kakar nan ce a bakinta, ta ɗan tsufa, ta ɗan karkace, mace da namiji duk "shi" ne.

Ta ce tana digiri na biyu a ilimin zamantakewa, ɓangaren nazarin jinsi, kuma an ba ta wannan littafi da Faransanci, ita kuwa ba ta jin ko gaisuwa.

Na ce, "Ke mai nazarin maza da mata, ga shi a bakinki babu mace ko ɗaya."

Ta yi dariya har littafin ya faɗi. Daga baya ta gyara Hausar, har ta koma tana kama ni da kuskure.

Mutane ba su gane karatunta ba. A gidan mijinta ana ce masa karatun raba aure. Wata a cikin dangin ta taɓa tambayarta ko in ta gama za a ba ta gemu tare da takardar. Rakiya ba ta fushi da irin wannan. Takan ce, "Halitta ta Allah ce, ban da tambaya a kai. Abin da mutane suka ɗora a kanta nake dubawa. Wa ke magana, wa ke jira a gama, wa ake kira, wa ake ɓoyewa."

Mun yi ta karatun littafin nan duk la'asar a gindin bangon tsakar gida, inda inuwa ke fara sauka. Ni ina fassarawa, ita tana gardama da marubuciyar kamar tana zaune tare da mu. "Wannan matar ba ta taɓa shiga ɗakin mata a Fezzan ba. Ta ɗauka duk wadda ta yi shiru an toshe mata baki ne." Wani shafin kuma sai ta ce in maimaita, in maimaita kuma, sannan ta ce, "Nan kam ta gan mu."

A ƙarshe ta zaɓi abin da za ta rubuta a kai: suna.

Kun san a wajenmu mace ba ta kiran sunan miji, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. A nan kuma namiji ba ya faɗin sunan matarsa ko uwarsa ko ƙanwarsa a gaban maza. Sai ya ce "gida", ko "iyali", ko "yara", ko da matar ta yi jika. Yaro a makaranta zai fasa wa ɗan'uwansa baki don ya ambaci sunan uwarsa. Na ce mata duk abu ɗaya ne, kunya ce da girmamawa, ta daina neman rigima inda babu.

Ta ce, "To Abla, mijinki da ba ki kiran sunansa, ya ɓace? Sunansa na jikin shago, yana kan takardun yara, yana bakin liman. Mace fa, in miji ya yi shiru, wa ya rage ya faɗa?"

Na yi karatu daidai gwargwado, na kuma iya baki. Ranar sai na tashi na hura gawayi.

Lokacin yankan dabino muka fara zuwa Ghuddwa. Kai ke kai mu, Bashir, a tsohuwar motarka mai buɗaɗɗen baya. Ina tuna hanyar kamar a mafarki na bi ta. Kwalta na sheƙi a gaba kamar an zuba ruwa, muna isa ruwan ya matsa. Tuddan yashi a gefe masu launin bayan zaki. Sai can kore ya ɓullo, siriri, kamar an ja layi da alli, sannan ya buɗe ya haɗiye mu.

A ƙarƙashin itatuwan duniyar daban ce. Haske na saukowa guntu-guntu ta tsakanin ganye, yana yawo a kan tabarmi. Injin ruwa na bugawa daga nesa kamar zuciyar wani babban abu da ke barci. Kurciyoyi. Ƙamshin dabinon da ya fashe a rana. Mata a zazzaune suna ware mai kyau da na dabbobi, wasu 'yan Nijar da mazansu ke aikin gona, wasu tsofaffin garin da kakanninsu suka zo tun zamanin ayari.

Rakiya ba ta zuwa da takardar tambayoyi. Takan tuɓe takalmi ta zauna ta sa hannu a dabino, sai an yi nisa da hira sannan ta jefa tambayarta guda:

"Yaushe rabon da a kira ki da sunanki?"

Da farko dariya suka yi. Wata ta ce, "Jiya, da ya nemi takalminsa ya rasa." Wata ta ce ai ita a asibiti kaɗai ake kiranta, shi ya sa in ta ji sunan sai gabanta ya faɗi.

Akwai wata tsohuwa da kowa ke kira Ummu Ali. Ali ɗin ma ya daɗe da rasuwa. Ta ci gaba da ware dabino, har muka ɗauka ba ta ji ba. Can ta ce, "Tun ranar da aka binne uwata." Rakiya ta matsa kusa ta tambaye ta a hankali. Tsohuwar ta duba hagu ta duba dama kamar mai fito da kayan sata, ta ce, "Zainabu."

Rakiya ta ce, "Ina wuni, Zainabu?"

Ban taɓa ganin fuska ta koma baya haka ba. Matar da ba ta da haƙori ko ɗaya, ta rufe ido da tafin hannu tana ƙyalƙyala dariya irin ta 'yan mata a bakin rijiya.

Daga ranar, in mun isa, Rakiya sai ta zagaya ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, kowacce da sunanta. Ba ta taɓa rikitawa ba. Waɗanda ba su so sunansu ya shiga aikinta ba, ta ce su zaɓi wanda suke so a rubuta. Wata ta zaɓi na 'yarta da ta zo ba rai. Wata ta ce, "Tunda kyauta ne, rubuta Gimbiya."

Kai kuma kana can bakin rijiyoyi kana gyara wa manoma injin ruwa, ba ka karɓar komai, kana jiran mu. In rana ta yi sanyi sai mu ji muryarka ta ratso itatuwa: "Rakiya! Mu tafi!" Mazan gonar su ɗago kai. Tsofaffin su ce, "Wannan miji naki ba shi da kunya," suna faɗa suna murmushi, wata har da guɗa ƙasa-ƙasa. Ina faɗin wannan don kar wani ya ɗauka mugun miji nake wa magana. Da mugu ne da ban ɓata bakina ba.

Da tsakar rana in matan sun tafi salla, takan kwanta rigingine a tabarma tana kallon saman dabino, ta shiga shirya ranar munaƙasha, ranar da za ta tsaya gaban malamai ta kare aikinta. Wai za ta ɗauki bas guda ta kwaso su duka. Zainabu a layin gaba, kusa da shugaban sashe. Wai za a raba dabinon Ghuddwa maimakon kek. Wai ni zan sa zanen nan nawa shuɗi da take cewa ya sa na yi kama da matar gwamna. Tana magana ido a lumshe, inuwar ganye na kai da komo a goshinta, har muryar ta narke ta yi barci. Nakan zauna ina kore mata ƙuda.

Da mahaifiyarta ta rasu, sanarwar ta ce mahaifiyar wane da wane, aka jera 'yan'uwan Rakiya maza. Babu sunan tsohuwar, babu na Rakiya da ta yi jinyarta. Bayan arba'in ta zo gidana ta yi kukan da ba ta yi a makoki ba. Ta ce, "Abla, ina rubutu a kan abin nan, kuma an yi wa uwata ina kallo." A kan haka ka shigo ɗaukarta, ka tsaya a bakin ƙofa, ka yi rantsuwar da na buɗe da ita. Na ce, "Na shaida fa." Ka ce, "Ki shaida, Abla." Ta ɗago tana dariya da hawaye ta ce, "Ki riƙe masa, mantuwa gare shi."

Na riƙe.

Ƙananan abubuwa ke ta zuwa mini tun safe. Da mijina ya rasu, duk yamma sai ta zo da kwanon asida, tuwon fulawar garin nan, ta zauna, ba ta cewa in yi haƙuri. Da takardar iƙamata, ta izinin zama, ta maƙale, ita ta bi layi da ni, tana ba ni labarin auren kakarta don kar in zagi ma'aikaci. In mu biyu ne kawai, wani lokaci takan ajiye "Abla" ta ce "Hadiza". Nakan harare ta in ce ba ta da ladabi. Ta san ƙarya nake.

Makon jiya ta zo da babin ƙarshe. Ta ce kanta na ciwo, ta ɗora laifin a kan kwamfuta. Na yi tuwo da miyar kuka, abincin da take zagin kamanninsa tana neman ƙari. Bayan mun ci ta jingina da bango ta miƙe ƙafa, ta ce wata tsohuwa ta gaya mata cewa a wasu ƙauyukan, in an binne mutum, mai yi masa talƙini da sunan uwarsa yake kiransa, wane ɗan wance.

Ta ce, "Kin gani? Duk ɓoyon nan, a bakin kabari sai an fito da ita."

Na ce ta bar mana zancen kabari da rana tsaka.

Ta ce, "Ai ke za ki yi mini wanka, Abla. Ke kaɗai ce ba za ki fita da labarin tumbina ba."

Na ce, "Rufe mini baki. Na girme ki nesa ba kusa ba, ke za ki yi mini."

Da za ta fita ta juyo daga bakin ƙofa ta ce in ajiye mata ɗumame.

Wasu suka yi wankan. Ban san ko su wane ne ba. Ban san ko sun san ba ta son ruwa mai sanyi ba.

Ɗazu na kira ka. Na yi maka gaisuwa kamar yadda ya kamata, sannan na tambaye ka. Ka ce yayanka ne ya rubuta, kai tura shi kawai ka yi. Ka ce, "Abla, kin san gidanmu. Ba a taɓa yi ba." Ka ce, "Ta riga ta tafi, suna ba zai ƙara mata komai ba."

Abin jiya na yafe maka. Mutumin da matarsa ta faɗi da hantsi aka binne da la'asar ba a tuhumarsa da abin da ɗan yatsansa ya danna. Amma yau gari ya waye, kana zaune a hemar maza, rumfar makoki, kana amsa amin ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin fure.

Kar kuma a kawo mini addini. Matan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da 'ya'yansa mata, ƙaramin yaro zai jero maka sunayensu. A cikin Alƙur'ani akwai sura sukutum da sunan mace, limamai na karanta ta da lasifika, ba wanda ya taɓa cewa an tona asirin wani gida. Abin da ke hana ka tsoron yayyenka ne. Ka kira shi da sunansa shi ma.

Wani zai ce ai ga shi na faɗa, me ya rage. Na faɗa da Hausa, ga mutanena na Damagaram da Maraɗi da Kano da 'yan nan Manshiya. Malamanta da abokan karatunta Larabci suke karantawa. Matan Ghuddwa ba su da shafi, mazansu ke gani su kai labari gida, kuma mazan shafinka suke bi, kai mai gyaran inji. Daga wajenka ya kamata su ji.

Ya Allah, ga baiwarka Rakiya, 'yar Ilyasu da Fanna. Ka jiƙanta, ka yafe mata, ka yalwata mata makwanci, ka sanyaya shi kamar inuwar da take so. Ka sa tambayoyin da ta yi wa bayinka mata da tausayi su zama nauyi a mizaninta. Ka ba Bashir haƙuri, ka ba shi ƙarfin hali, yau ya fi buƙatar na biyun.

Ku da kuke karantawa, don Allah ku yi mata addu'a. In za ku rubuta a ƙasa, kar ku tsaya a "Allah ya jiƙanta". Ku sa sunan. Ko ba ku san ta ba, ku sa.

Bashir, gobe ne uku.

Kafin a kira azahar ina so in ga sanarwa a shafinka, da Larabci, da hannunka. Ka bar furen in kana so, tana son fure. Amma a rubuta Rakiya.

In aka kira salla ban gani ba, na riga na yi magana da mai bas. Zan je Ghuddwa in gaya musu da bakina, in ɗauko duk wadda ƙafarta ke iya taka mota. Ba ta ƙofar mata za mu fara shiga ba. Bayan la'asar, lokacin da hemar maza ta cika, za mu tsaya a bakinta. Kowacce za ta faɗi sunanta, sannan ta yi maka gaisuwar Rakiya, da ƙarfi, yadda na can ƙarshen tabarma zai ji.

Ka gaya wa yayyenka su fito da kujeru. Akwai tsofaffi a cikinmu.